WA YA SHA MAGANIN BABA?

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da sassafe cewa na bar ku tsaye a ƙofar ofis, ku shigo, ga kujeru. Ke kuma baiwar Allah da kika yi rantsuwa za ki fita daga zauren nan in ban ci gaba yau ba, na ga har yanzu kina ciki, sannu da haƙuri.

Wanda yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana. Sista Ƙarama nas ce a ɗakin maza. Uban mijinta, tsohon hedimasta, yana kwance a ɗakin da ciwon zuciya, ƙafafunsa sun kumbura. Ita ta roƙa a bar mata aikin safe don ta yi jinyarsa da hannunta. Yanzu kuma Metiron, shugabar nas-nas, ta aika a kira ta.

*

"Rufe ƙofar," in ji Metiron, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sista Ƙarama ta rufe. Likita yana jingine da kabad, hannu a aljihu. Mutumin da kullum sai ya tsokane ta kan gajartarta, yau gaisuwar ma da ka ya amsa. Nan ta san ruwa ba ya tsami banza.

"Zauna."

"Nan ma ya yi, Metiron."

"Na ce ki zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera.

Likita ya ce, "Sista, maganin fitsarin da na rubuta wa Baba, ƙaramar farar ƙwayar nan ta safe, wa ke ba shi?"

"Ni ce, Likita."

"Kullum?"

"Kullum, tun ranar da aka kwantar da shi."

"To taya ni tunani, don ni kaina ya ɗaure. Aikin ƙwayar nan ɗaya ne. Ta sa ƙoda ta jawo ruwan da ya taru a jiki, ya fita ta fitsari. Mai shan ta, ƙafa ta saɓe, numfashi ya daidaita, in ya hau sikeli a ga ya ragu. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Baba kullum ƙaruwa yake yi. Kumburi ya wuce gwiwa. Kwanciya ma ta gagare shi, a zaune yake barci."

"Na gani, Likita. Ni ma abin yana damuna. Na ɗauka ko maganin ne ya yi masa kaɗan."

"Ni ma haka na ɗauka. To shi na kusa da shi fa, direban nan mai karaya a cinya? Na rubuta masa maganin fitsari?"

"A'a. Na rage zafi kawai yake sha."

"To me ke tsotse shi? Leɓe ya tsage, ido ya faɗa, jini ya sauka, in aka ɗaga shi sai jiri. Da farko fitsari yake kamar an buɗe famfo, yanzu kuma ya fara ɗaukewa. Gwajin jininsa na safiyar nan ya dawo. Gishirin jikinsa ya zube, ƙodarsa ta fara gajiya." Ya ciro hannunsa daga aljihu ya buɗe. "Wanda na ba magani yana cika, wanda ban ba ba yana tsiyayewa. Ni a ina zan sa wannan?"

Sista Ƙarama ta dube shi, ta dubi Metiron. Ta ji maganar sarai, amma ta ƙi zama a kanta.

Sai yanzu Metiron ta cire tabarau.

"Gadajen nan biyu kusa suke da juna. Kofunan magani iri ɗaya ne. Hannu ɗaya ke rabawa."

"Metiron, kina nufin ni na…"

"Ba nufi nake ba, tambaya nake. Kin taɓa musanya kofi?"

"Ban taɓa ba."

"Kin tabbata?"

Ai kuwa wannan tambayar ita ta kama ta. Da a ce zagi aka yi mata, da ta san amsar da za ta bayar. Amma "kin tabbata" mugun abu ne, yana sa mutum ya fara shakkar ko ya kulle ƙofar gidan da ya kulle da hannunsa. Ta buɗe baki ta ce ta tabbata, sai ta ji muryar ta fito siririya kamar ba tata ba.

Metiron ta ce, "Ranar da kika zo kina roƙona aikin safe, me na gaya miki?"

"Kin ce ba a jinyar ɗan gida."

"Kika ce me?"

"Na ce ai uba ne."

"Shi ya sa na ce ba a yi. Hannu yana aiki, zuciya tana wani wuri." Ta sassauta murya, amma ba ta sassauta fuska ba. "Ki ji ni da kyau. In kuskure ne, ki faɗa tun muna mu uku. In kika bari ya fito ta wani bakin, ba a ofishin nan zai tsaya ba. Sama zai tafi, kuma lasisinki ne a kai. Mutum ya shigo da ƙafa ɗaya a karye, ba za mu sallame shi zuwa wankin ƙoda a ce ba wanda ya san yadda aka yi ba."

"Wallahi, Metiron…"

"Bar rantsuwa. Ajiye min makullin kabad ɗin magani."

Ta zaro shi daga wuya, igiyar ta sarƙe da ɗankwalinta, sai da ta yi ta kici-kici kafin ta iya cire ta. Ta ajiye a kan tebur.

Likita ya ce, "Zan zaga ɗakin mata in dawo naku. Kafin nan ki yi tunani."

*

Tunanin kuwa ta yi shi, har ya yi yawa.

A baranda ta tsaya, tana motsa hannuwa ita kaɗai kamar mai rabon magani ga iska. Teburin magani a gabanta. Kofin Baba a dama, don gadonsa ne na bakin taga. Na direba a hagu. Ko kuwa in ta juyo da teburin daga ƙofa, dama ce ke komawa hagu? Ta juya jikinta ta sake gwadawa. Wata mai jinya da ke wucewa da bokiti ta bi ta da kallo har ta kusa yin karo da bango.

Tana iya ganin yatsunta suna ɓallo farar ƙwayar daga ledarta. Tana iya jin ƙarar faɗawarta a kofi. Amma kofin wa? Jiya da wani ya tambaye ta da dariya za ta yi. Yau kam ko sunanta aka tambaya sai ta tsaya ta yi nazari.

Kuma ko da ta yi kuskure, ai sau ɗaya ake yi. Wane irin kuskure ne zai riƙa zuwa aiki kullum da safe kamar ma'aikaci?

"Maman yara."

Ta juyo a firgice. Mijinta ne, riƙe da fulas ɗin ruwan zafi da ledar wankakkun kayan Baba.

"Lafiya kike magana ke kaɗai?"

"Baban yara, an karɓe min makulli."

"Wane makulli? Na gida?"

"Na magani. Suna cewa maganin Baba wani nake ba."

Ya ajiye fulas ɗin a ƙasa a hankali.

"Ban gane ba. Baba ba ya shan magani?"

"Yana sha. Ina ba shi."

"To wa ya ce ba ya sha?"

"Jikinsa."

"Jikinsa ya ce?"

"Bai saɓe ba. Na kusa da shi ne ya saɓe, alhali shi ba kumburin zuciya gare shi ba."

"To ba sai a gode wa Allah ba, tunda wani ya samu sauƙi?"

"Ba sauƙi ba ne. Maganin nan in ya shiga jikin da babu ruwan da za a cire, na jinin yake cirewa. Ƙoda ta rasa abin da za ta yi aiki da shi, ta tsaya."

Ya shafa gemu. Mutumin kirki ne, amma in abu ya fi ƙarfin kansa sai ya nemi wuri mafi kusa ya jingina shi.

"Amma ke kika ce a bar miki shi. Yayata ta ce a kai shi wani asibitin, ke kika ce a nan idonki yana kansa."

"Na ce."

"To ni yanzu me zan gaya musu?"

"Ni ka tambaya ko na yi, ko abin da za ka gaya musu ka tambaya?"

"Ni ban ce kin yi ba."

"Ba ka kuma ce ban yi ba."

Daidai nan aka turo Baba a keken marasa lafiya, za a kai shi hoton ƙirji. Yana zaune a miƙe duk da haki, hula a daidai, rigar asibiti an ɓalla ta har wuya. Ko a keke, hedimasta hedimasta ne. Sista Ƙarama ta rusuna.

"Baba, ya jikin?"

"Da godiya, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

Mijin ya miƙa mata ledar kayan, ya karɓi keken daga hannun mai turawa, suka wuce.

*

Gadon bakin taga a gyare yake, babu kowa. A na kusa da shi direba yana kwance, ƙafarsa a miƙe an ɗaure ta da igiya da nauyi yana reto a ƙarshen gado. 'Yan ɗaki Ba-Birki suke kiransa, don in ya fara labarin hanya har mai barci sai ya tashi ya yi dariya. 'Yan kwanakin nan birkin ya kama da kansa. Yana kallon silin, yana lasar leɓe.

Ta ja labule ta zagaye su.

"Kawu."

"'Yar gidana. Yau ba awon jini? Ko kin gaji da ganin ina ramewa?"

"Kawu, ba wasa ya kawo ni ba. Da safe ƙwaya nawa kake sha?"

"Abin da kika ba ni."

"Wace kala?"

"Ni direba ne, kalar danja kawai na sani."

"Akwai ƙarama fara a ciki?"

Ya mayar da ido silin.

"Ɗan miƙo min ruwa, maƙogwarona kamar an zuba yashi."

Ta tsiyaya ta tallafi kansa ya sha. Ta kama fatar bayan hannunsa ta ɗan ja, ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa. Ta leƙa robar fitsarinsa a ƙarƙashin gado, ɗan kaɗan ne a ciki, ja kamar shayin da ya kwana.

"Kawu, in lagireto ba ruwa, ka ci gaba da taka mota, me ke faruwa?"

"Inji ya buga mana."

"To ƙodarka ke nan yanzu."

Ya juyo da kai.

"Ƙoda kuma? Ni ƙafa na zo da ita."

"Akwai abin da ke kwashe ruwan jikinka. Ga maganin zafin da kake sha, shi ma nauyi ne a kan ƙoda. Sun haɗu sun sa ta a tsakiya. In ba a san mene ne ba yau, gobe inji za a jona maka yana wanke maka jini. Wani daga nan ba ya rabuwa da injin har ƙarshen rayuwa."

"Wanda ya hau injin nan yana tuƙi?"

"Tuƙin doguwar hanya? Da wuya."

Ya dubi ƙafarsa da ke ɗaure.

"Amma ai maganin kumburi ne," ya ce a hankali.

Ta matso kusa da shi.

"Wanne?"

"Ƙaramar. Ke da bakinki na ji kina gaya wa Malam tana sauke kumburi. Ni ma ƙafar nan tawa ta yi suntum. Na ce to, tunda shi ba ya so…"

"Ba ya so?"

"'Yar gidana, rage murya."

"Kawu, wa ke ba ka?"

"Ba wanda ke ba ni. Karɓa nake."

"A hannun wa?"

Ya nuna gadon bakin taga da haɓa.

Sista Ƙarama ta nemi kujerar mai jinya ta zauna. Daɗi ya fara zuwar mata, ashe ba ta musanya ba, ashe hannunta lafiya lau. Kafin daɗin ya zauna wani abu ya ture shi.

"Ba zai yiwu ba. A gabana yake sha."

"A gabanki?"

"Ni nake miƙa masa."

"Miƙawa daban, gani daban. Ni in kin ba ni me kike cewa?"

"In ce ka buɗe baki in gani."

"Har harshe kike sa ni in ɗaga, kamar ɗan yaye. Kowa a ɗakin nan haka kike masa. Shi fa?"

Ta juya wajen gadon bakin taga.

Shi fa. Shi rusunawa take, ta miƙa kofin da hannu biyu, ta kawar da kai wajen taga har sai ta ji ya ajiye kofin ruwa. Ina ita ina tsare uban miji da ido yana haɗiya? Ina ita ina cewa hedimasta ya ɗaga harshe? Fitsarin ma da ake aunawa, shi ke lallaɓawa bayi da kansa, ya dawo ya gaya mata "an yi da yawa, ɗiyata," ita kuma ta karɓa a haka. Ba ta taɓa cewa ya kawo ta gani ba. Ladabi ta ɗauka tana yi.

"Amma don me?" ta ce. "Mutum mai ilimi. Ya san ruwan nan in ya hau huhu kashe shi zai yi. Don me zai ƙi?"

Direba ya dubi labulen, ya tabbatar ba ƙafar kowa a ƙarƙashi.

"Kin tuna ranar farko, da na kifar da jug ɗin ruwa a gadonsa?"

"Na tuna. Har na yi maka faɗa."

"Kin yi, kin ce hannuna ma ba birki. To ba kuskure ba ne."

"Ban gane ba."

"Ranar ya sha ƙwayar. Ba a jima ba ta kama shi. Kika zo da roba kika ce ga shi, Baba, in ka gama zan dawo in auna. Ya ce miki ba ya ji. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Yana ji. Ya kasa karɓa a hannunki ne. Ya ce matar ɗansa ba za ta ɗauki fitsarinsa ta ɗaga a haske tana dubawa ba. Kina fita ya yunƙura zai tafi bayi, ga bayin can ƙarshen ɗaki, ga haki. Kafin ya sauke ƙafa ta biyu abin ya zo. Kuma ga tsofaffin ɗalibansa sun shigo dubiya, manyan mutane, suna tahowa daga ƙofa suna Malam, Malam."

Ta dafe baki.

"Na ga fuskarsa, 'yar gidana. Na yi shekaru a hanya, na ga haɗari iri-iri, ban taɓa ganin fuska irin wannan ba. Jug ɗin yana kusa da ni. Na miƙa hannu na tura shi gaba ɗaya a cinyarsa. Kowa ya hau ni da faɗa. Shi ke nan, ruwa ya rufe ruwa."

Hawaye ya zubo mata ba ta san ya taru ba. Tausayi ne, kunya ce, haushi ne, ita kanta ba ta iya rabewa ba. Ita ta canja zanin gadon ranar, tana ta ba Baba haƙuri kan ɓarnar maƙwabcinsa, shi kuma yana cewa ba komai, ɗiyata, tsautsayi ne.

"Washegari ya riƙe ta a tafin hannu," direba ya ci gaba. "Ya ce gara ruwan ya kashe shi da a sake. Zai jefa a kwandon shara na ce masu shara za su gani su kai rahoto. Kuma magani ai ba a zubarwa, asara ce. Na ce kawo nan, Malam, ni ba ni da surukar da zan ji wa kunya, robata tana gefena. Na rufa masa asiri, ƙafata ta saɓe, kowa ya huta." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ashe garin neman gira zan rasa ido."

"Ta yau fa?"

"Ta yau ma."

Ta miƙe zumbur. Ya cafko bakin rigarta, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ina za ki?"

"Wajen Likita. Dole a sa maka ruwa yanzu."

"Ki gaya masa na sha. Ki ce sata na yi. Ki ce duk abin da kika ga dama a kaina. Amma maganar jug ɗin nan, in ta fita, kin kashe dattijon nan da ransa."

"Kawu, aikina ne a kai. Cewa suke ni na musanya."

"Ke?"

"An karɓe min makulli."

Ya saki rigar. Shi ma yanzu kansa ya kulle.

"To ai ke ba ki yi komai ba."

"Na kawar da kai."

"Wannan ai tarbiyya ce."

"A gida. A nan sunanta sakaci."

Ta tsaya riƙe da labule, ba ta ja ba. In ta faɗi gaskiya duka, ta tuɓe uban mijinta a tsakiyar ɗaki. In ta yi shiru, ta tuɓe kanta. Ta yi ta neman hanya ta uku a kanta, sai ta samu guda ɗaya tak. Sai dai shi Baba ya faɗa da bakinsa. Ba sai ya kawo dalili ba. Ya ce kawai ba ya sha, yana bayarwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana dukan yara kan ƙarya, ai ba zai bari a ɗora mata laifin ba.

Tana cikin haka ta ji ƙarar tayar keke, da takun takalmin Metiron da duk asibitin ya sani.

*

Ta yaye labulen. Ga su nan gaba ɗaya. Mijinta yana turo Baba, Likita a gefe da hoton ƙirjin a hannu, Metiron a baya. Lokacin dubiya ya yi, kusan kowane gado da mutane a zagaye.

Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Likita, ya sha. Maganin fitsarin, kullum yana sha, har da na yau. Na tabbatar."

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya kama hannun direba yana duba jijiya, ya ce wa nas ɗin da ke biye da shi, "Kawo ledar ruwa a jona masa yanzu. A dakatar da maganin zafin nan. Duk ɗigon fitsarin da ya yi a auna, a sake ɗibar jini da yamma." Sannan ya ɗaga hoton wajen taga ya girgiza kai. "Baba kuma ruwa ya fara hawa huhu. Nasa maganin ta allura za a koma ba shi."

Hannun Baba ya damƙe hannun keken. Ita kaɗai ta lura.

Metiron ta matso.

"Madalla, an san abin da ya sha. Saura yadda aka yi ya sha. Sista?"

Sista Ƙarama ta dubi Baba. Baba yana kallon ƙafafunsa. Ɗansa ya durƙusa yana ƙoƙarin sa masa silifas ɗin da kumburi ya hana shiga.

"Ina jin ki," in ji Metiron.

"Ni ne," direba ya ce da sauri. "Sata na yi. In ta juya baya sai in ɗauka a teburin."

Metiron ta dubi ƙafarsa, ta bi igiyar da kallo har zuwa nauyin da ke reto.

"Da wace ƙafar ka je teburin?"

"Da… ai hannuna dogo ne."

Wani a gadon can ya fara dariya, matarsa ta zungure shi ya haɗiye.

"Malam direba, na san kana son yarinyar nan, kowa yana son ta. Amma ba a rufa asiri da ƙoda." Metiron ta juya wajen Sista Ƙarama. "Sista, karo na ƙarshe. A kofin wa kike sa ƙwayar?"

"A na Baba."

"To ta yaya ta tsallaka gado?"

Har masu dubiya sun daina buɗe kwanuka. Mijin Sista Ƙarama ya ɗago daga durƙuson yana kallonta, yana kallon Metiron, silifas ɗaya a hannu.

"Maman yara, ki yi magana mana. In kin sani ki faɗa."

Ta sani. Maganar tana nan a bakin harshenta, ta yi nauyi. Ta sake duban Baba, wannan karon ba ta kawar da kai ba. Tunda aka kawo ta gidansu ba ta taɓa haɗa ido da shi haka ba. Roƙonsa take da ido, kalma biyu kawai, Baba.

Metiron ta bi inda idonta ya tafi.

"To, bari mu tambayi mai maganin." Ta rusuna kaɗan, ta tausasa murya. "Baba, ka yi haƙuri. Tambaya ɗaya ce, kuma aikin yarinyar nan a kanta ya rataya. Cikin magungunan da take kawo maka da safe, akwai wata ƙarama fara?"

Baba ya ɗago. Ya dubi ɗansa da ke gabansa. Ya dubi mutanen da suka miƙo wuya daga kowane gado. Ya gyara zaman hularsa, ya ja numfashi da ƙyar.

Bai dubi surukarsa ba.

"Fara?" ya ce. "Ni dai tun da aka kwantar da ni, ban taɓa ganin ta a kofina ba."

Metiron ta miƙe ta juyo wajen Sista Ƙarama. Mijin Sista ma ya juyo.